Na ga bidon ruwa-ruwa rataye a Paris, sai na tuna da ƙoren kakata

Jama'ar Arewa, na gida da na ci-rani, musamman ku da kunka saba jin muryata da safe ba ku saba ganin rubutuna ba. Yau na aje mikoro na ɗauki bik, don maganar da ke cina ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da ake ba ni tsakanin sanarwar biki da cigiyar akuya.

Daren jiya a fada, muna jiran shayi na biyu, wani ƙanenmu ya miƙo mini salula shina dariya har da hawaye. Labarin ayabar nan ne, ya tsufa amma sai yanzu ya iso fadarmu. Wani ɗan Italiya mai suna Maurizio Cattelan ya manna ayaba guda ga bango da salatif, ya ce aikin fasaha ne. A watan Nuwamba 2024 anka yi gwanjonta a birnin New York, ta tashi dalar Amurka miliyon 6.2, sama da miliyar uku da rabi na sefa ke nan. Wanda ya saya, wani matashin attajiri Justin Sun, ya tara 'yan jarida ya ɓare ta ya cinye. Fada ta kaure. Wani ya ce: "Wallahi Nasara sun haukace, a kai musu ta kasuwar Dutsi mota guda!" Ni ma na yi dariya. Amma na ce musu ba ayaba mutumin ya saya ba, don ayaba kwana huɗu ta ruɓe. Takarda ya saya, mai ɗauke da sunan wanda ya yi aikin da sa hannunshi. Sunka ce to wannan ya fi hauka. Na kwana ina juya zancen, don na taɓa shiga irin ɗakunan da ake wannan ciniki, kuma abin da na gani can bai bar ni na huta ba har yau.

A watan Oktoba 2022 ne, kafin dangantaka ta yi tsami tsakanin ƙasarmu da Faransa, na samu sitaj na sati biyu na 'yan rediyo a Paris. Abin da na sani da can bai wuce abin da munka karanta a lise ba, sai kuma sunan Orsay, garin nan da ke ƙawance da Dogon Dutsi. Ƙauyancina na farko ke nan: da na ji ana zancen wani babban gidan zane-zane mai suna Orsay, na ce ai garin abokanmu ne, zan je in gaishe su. Ashe gidan shina tsakiyar Paris bakin kogi, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce, garin Orsay kuwa shina can kudu, sai ka shiga jirgi. Wani yaro ɗan Matankari da ke karatu can shi ya warware mini, ya ce: "Yaya, bar wannan. Ran Asabar zan kai ka inda ake saida abin da ba ka taɓa zaton ana saye ba."

Ya kai ni wata unguwa da ake kira Marais. A nan na fara gane bambancin mize da galeri. Mize gidan ajiya ne, kamar namu na Yamai, ka sayi tike ka yi kallo, ba a saida komi. Galeri kuwa shago ne, sai dai bai yi kama da shago ba. Shiga kyauta. Bango fari fat, fitilu sun haske ko'ina, ɗaki mai faɗin da a Dutsi za a raba shi shago huɗu, amma zane biyar ne kacal a ciki. Ba mai ce maka "zo ka taya", ba mai ce maka "albarka". Wata yarinya na zaune bayan tebur tana danna kwamfuta, in ka yi sallama ta ɗago ta yi murmushi ta maida kai. Kuɗin ba a rubuce suke jikin kaya ba, suna cikin wata takarda a kan tebur, sai ka tambaya. In ka ga ɗan jan ɗigo manne kusa da zane, an saye shi ke nan. Yaron ya gaya mini galibi mai galeri da mai zane raba daidai suke yi. Aikin mai galeri shi ne ya biya hayar ɗaki, ya buga ɗan littafi, ya gayyato 'yan jarida da masu kuɗi ranar buɗewa, ya yi ta kai sunan mai zanen gari-gari har ya zauna a bakin mutane.

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai abubuwan da na gani ban fahimta ba, har gobe kuma ina ganin wasunsu dabarar masu kuɗi ce ta ɓoye dukiya. A wani ɗaki na ga tarin bulo a tsakiya, na ratse gefe ina cewa magina ba su gama aiki ba, ashe shi ne abin kallon. A wani na ga allon zane shuɗi tun daga sama har ƙasa, ba tsuntsu ba itace. Na yi ƙarfin hali na karɓi takardar kuɗi, na duba wani ɗan madaidaicin zane na wani matashi da ko yaron nan bai taɓa jin sunanshi ba: yuro 8,000. Na buga lissafi a salula, yuro guda sefa 656, ya ba ni miliyon biyar da 'yan kai. Na aje takardar a hankali kamar ƙwai.

Amma abu guda na lura da shi a kowane ɗaki, mai kyau da maras kyau. Kusa da kowane aiki, ko cikin takardar da ake miƙo maka, akwai layi huɗu: sunan wanda ya yi, shekarar haihuwarshi da garinsu, shekarar da ya yi aikin, da abin da ya yi shi da shi. Ko tarin bulon nan shina da nashi.

Da la'asar munka gangara wajen Bastille, wata galeri da ta ƙware kan aikin 'yan Afirka. Ina shiga na tsaya cak. Bido ne rataye ga bango. Bidon isansi baƙi, ya sha duniya, irin wanda 'yan ruwa-ruwa ke ɗaurawa bayan moto daga bakin iyaka, irin wanda ke jere bakin gudiro daga Kore Mai Ruwa har Dutsi. An yanke samanshi kawai. Mariƙin ya zama hanci, bakin zuba mai ya zama baki a buɗe, an ɗaura mishi 'yan tarkace a ka kamar kitso. Fuska ce sak, har kamar na san mai ita. Na ce wa yaron: "Kai, wanga ai namu na!" Ya ce: "Karanta, Yaya." Romuald Hazoumè, an haife shi 1962 a Porto-Novo, ƙasar Benin. Mutumin ya daɗe shina aiki da bidunan masu fasa-ƙwaurin mai tsakanin Najeriya da Benin, samarin da ke ɗaukar wuta a bayansu don su ci da iyali. Akwai wani babban aikinshi da ya jera bido 304 a ƙasa cikin siffar jirgin ruwan bayi, kowane bido mutum guda, babban gidan tarihin Ingila da ke Landan ya saye shi. Na daɗe tsaye gaban bidon nan. Shekara talatin da wani abu ina wuce irinshi kullum, ban taɓa ganin fuska a jikinshi ba, ban kuma taɓa tunanin yaron da ke ɗauke da shi ba sai in zan sha mai. Wannan shi ne amfanin aikin, kuma daga ranan na daina cewa duka hauka ne.

A wannan ɗakin na ji labarin wasu. Chéri Samba na Kwango, da rubutun allon shaguna ya fara a Kinshasa, irin aikin yaranmu masu zana kan aski da tallan gyaran salula. Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu, zanen bangon ɗaki ta koya wajen uwarta da kakarta, da gashin kaza take shafa launi. A 1989 anka gayyace ta Paris wani babban baje-koli mai suna Magiciens de la Terre, a 1991 kamfanin BMW ya ba ta mota sukutum ta zane. Amma labarin da ya fi shiga raina na Seydou Keïta ne, mai ɗaukar hoto a Bamako, wanda ya buɗe shagonshi a 1948. A 1991 anka nuna wasu hotunanshi a New York, ƙarƙashinsu an rubuta ba a san mai hoton ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya ɗauki kwafin hotunan ya sauka Bamako shina tambaya, har wani mai hoto, Malick Sidibé, ya duba ya ce wannan hannun Keïta ne. Anka iske tsoho da ransa, ya adana dubban nigatif ɗinshi a akwati. Hotunan ba su canja ba, waɗanda anka nuna ba suna su ne dai anka koma nunawa da suna. Amma daga ranar da sunan ya hau kansu kuɗinsu ya tashi, duniya ta san shi, har babban zauren Grand Palais na Paris ya cika da aikinshi a 2016, shekara 15 bayan rasuwarshi. Hausawa sun ce suna linzami.

Washegari Lahadi munka tafi mize na Quai Branly, kusa da hasumiyar Eiffel, wanda anka buɗe a 2006. Nan ne ake aje kayan Afirka na dauri, kusan guda 70,000 daga ƙasashen kudu da Sahara. Wuri ne mai duhu-duhu, kaya cikin gilashi, sanyi daidai, ba ƙura ba gara. Riguna, ƙorai, sirdi, takubba, ƙofofin rumbu, tukwane. Nan ma akwai 'yar takarda kusa da kowane abu. Sai dai layin farko, inda jiya nake ganin sunan mutum, yau galibi sunan ƙabila ne. Sai ƙasa, sai ƙarni, sai abin da anka yi shi da shi. A ƙarshe sai ka ga suna cikakke, na sojan ko ɗan binciken ko attajirin da ya kawo abin Faransa. Wanda ya ɗauko shina da suna, wanda ya zauna wata uku shina saƙa ba shi da shi.

Na fito raina a ɓace, kuma ina da dalili. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin yadda Nasara ya shigo ba. A watan Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta sunka tare ta da kibau, anka ƙone gari. Har yau ana faɗin abin da rundunar nan ta aikata a kan hanyarta zuwa Birnin Ƙonni. Maganar maido da kaya ma ba sabuwa ba ce. A Nuwamba 2017 shugaba Macron ya yi alkawari a Wagadugu, a 2018 Felwine Sarr da Bénédicte Savoy sunka miƙa rahotonsu, a Nuwamba 2021 anka maida wa Benin kaya 26 na fadar Abomey. Ashirin da shidda cikin dubbai. Duk wanda ya ce a ci gaba da neman haƙƙinmu, ina bayanshi.

Amma cikin metro, muna komawa, wani tunani ya zo ya zauna mini a ƙirji. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na tuna da ƙoren kakata.

Kakata, Allah ya jiƙanta, a wani ƙauye kusa da Tibiri ta yi zamanta. A ɗakinta akwai jere na ƙorai tun na aurenta, manya da ƙanana, masaki a ƙasa, ƙananan a bisa, kowace an zane ta da ƙarfe mai zafi, layi cikin layi, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Takan sauke su bayan damina ta goge ta maida. Ina yaro in na kai hannu sai ta ce: "Kai maigida, bar su, wanda ya yi su ya mutu, ba a samun irinsu." Ta sha faɗa mini sunan mutumin da garinsu. Wallahi ta faɗa mini ya fi sau goma. Da ta rasu anka raba gado, anka yi rububin kwanonin samira da katifa, ƙorai ba wanda ya kula. Bayan shekara biyu na je gaisuwar Salla, na iske guda a tsakar gida ana ba kaji dussa a ciki, sauran gara ta cinye. Sunan mai zanen kuwa, na tambayi gwaggonnina, na tambayi kawuna, kowa ya ce ya shige mishi. Ni ma ya shige mini. Ni da na haddace Picasso da Monet da shekarunsu don in ci jarrabawa, ni da na san cewa a 1907 Picasso ya shiga gidan tarihin Trocadéro ya ga sassaƙen Afirka ya sake salon zanenshi. Ba sojan Faransa ba ne ya shiga ɗakin kakata. Mu ne.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba. Ku tuna da Bura, can yammacin ƙasarmu. A 1975 anka gano wurin, a 1983 masanin nan Boubé Gado ya yi tono na ilimi, ya fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu masu ɗaruruwan shekaru, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Da anka nuna su a Turai cikin shekarun 1990, dillalai sunka yi ca. Da hannun 'yan ƙasa anka tone filayen, da 'yan kuɗin cefane anka saye, har hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jan jerin abubuwan da ake sacewa. Muna da doka tun 30 ga Yuni 1997 mai kare kayan tarihi da al'adu, amma mutum nawa ne a ƙauyukanmu sunka taɓa jin ta, har da mu 'yan rediyo da ya kamata mu faɗa? Har yanzu in baƙo ya zo shina tambayar tsohon takobi, tsohon sirdi, tsohuwar sakala, sai mu ɗauko mu karɓi jikka biyar muna murna mun cuce shi.

Abin da nike son in ce shi ne wanga: ba hannu Turawan can sunka fi mu ba. Na ga hannunsu, na ga namu. Sun fi mu riƙon suna, da rubuta shekara, da ware ɗaki guda a ce wannan na kallo ne. Kuma kada wani ya ce riƙon suna ba halinmu ba ne. Shiga kowace fada ka tambayi wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, za a ce maka Kantu na Maradi kafin ka rufe baki. Yaron da bai iya karatu ba zai lissafa maka takubban Isaka Isaka na jiharmu ta Doso, da garin da anka yi kowace kokowa. Maroƙa na riƙe da sunayen Sarakunan Arewa da Samnonin Tibiri kaka da kakanni. Mun iya. Abin da munka ga shina da daraja shi muke riƙe wa suna. Maƙeri, masaƙi, baduku, mai ginin tulu, mai zanen ƙwarya, mai ɗinkin hula, su ne munka ɗauka ba su kai ba. Mu je kasuwar Juma'a mu taya tulu, mu yi ta ja-in-ja kan dala ashirin, ba mu taɓa tambayar wace ce ta gina shi ba.

Ku da ke hulɗa da naira, ku juya takardar naira 20. Matar da ke zaune tana ginin tukunya sunanta Ladi Kwali, Bagwariya ce. Tukwanen ruwa take ginawa kamar na matanmu, ta shiga cibiyar tukwane ta garin da yau ake kira Suleja a 1954, aikinta ya zaga Turai da Amurka da sunanta a jiki. Manoma kuma ku tuna da albasar Galmi, lokacin da wani kamfanin iri na waje ya so ya yi rajistar sunan a matsayin nashi, sai da ƙasa ta tashi tsaye. Don mi anka yi faɗa kan suna? Don kowa ya san kuɗin na cikin sunan.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a fada. Na farko, maganar addini: zane-zane da gumaka, da kayan bori, ina ruwan Musulmi da su? Ni ba malami ba ne, hukunci na malamai ne, kuma ban ce kowa ya sassaƙa gunki ba. Amma mafi yawan abin da hannun Ba'are ke yi ba shi da alaƙa da wannan. Zayyanar allon sauka fasaha ce. Aska takwas a gaban riga fasaha ce. Adon sirdi, saƙar faifai, zanen soro, rubutun bayan mota, duka. Masallacin Yama a jihar Tawa, na ƙasa ne, an fara gina shi a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kuma duniya ta san shi da sunan magininshi, Falke Barmu, manomi ɗan ƙauyen. Wa zai ce riƙe sunan wanga bawan Allah saɓo ne? Abin da ya shafi kayan dauri na Lugu da Bagaji kuwa, masu su na nan, su ke da ikon abinsu. Tun 2006 Lugu ke cikin jerin wuraren da ƙasarmu ta gabatar wa UNESCO. Ajiye tarihi daban, bauta daban. Baturen nan Marc-Henri Piault ya zauna cikinmu ya rubuta littafin tarihin Arewa a 1970, jikokin waɗanda sunka ba shi labarin yau sai sun nemi littafin da Faransanci kafin su ji abin da kakanninsu sunka faɗa.

Na biyu, za a ce mutane na fama da tsadar hatsi, 'yan'uwanmu na wajen Dogon Kirya da Sukukutan ba su barci da ido biyu, kai kana zancen ƙwarya. Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗebi kuɗin magani a sayi fenti ba. Amma masu aikin hannun nan su ma cikin masu faman suke. Matar da ke gina tulu da shi take sayen tiyar hatsi. In tulunta ya tashi daga "tulun kasuwa" ya koma tulun wance ta gari kaza, wanda mutanen Yamai ke aikowa a saya musu, ɗiyanta ne za su ci. Kuma lokacin tashin hankali shi ne lokacin da kaya ke ɓacewa, don mai gudu ba ya ɗaukar jere. Abin da ba a ɗauki hotonshi yau ba, wataƙila gobe ba a iske shi.

Na uku, za a ce kwaikwayon Nasara ne, alhali yanzu muke ƙoƙarin tsayawa da ƙafafunmu. A Oktoba 2024 an sake sunayen tituna da wurare a Yamai, cibiyar al'adun nan da ke ɗauke da sunan Jean Rouch ta koma Moustapha Alassane, ɗan ƙasa mai shirya fim. A 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To ai duka zancen suna ne. Sai dai in ya tsaya kan allon titi a babban birni bai gangaro wajen mai ginin tulu ta Gesheme ba, rabin aiki anka yi.

Ga abin da nike ganin za mu iya, ba tare da jiran purje ko baƙo ba. Masu aikin hannu, ku sa alama. Mai tulu ta dangwala tambarinta a gindi kafin gashi, maƙeri ya buga nashi jikin ƙarfe, mai zanen shago ya rubuta sunanshi da shekara a kusurwa. Ba girman kai ba ne, shaida ce. Samari masu salula, kafin ku ɗauki hoton kanku na goma a yini, ku shiga ɗakin tsohuwa ku ɗauki jerenta, ku tambaye ta wa ya yi, a wane gari, shekarar wace yunwa ko wane sarki, ku rubuta a kaye, don salula na faɗawa ruwa. 'Ya'yan tsoffin masu hoto na Dutsi da Tibiri, in akwatin nigatif na babanku na nan, don Allah kada ku ƙone shi, fuskokin iyayenmu ne a ciki. Malaman kolej da lise, ku ba ɗalibai aikin hutu guda: kowa ya kawo tarihin mai sana'a guda na ƙauyensu. Magadan gari kuma, ɗaki guda muke roƙo, a shafe shi da farar ƙasa, sau ɗaya a shekara bayan girbi a jera aikin mutanen gundumar, kowane da 'yar takardarshi mai layi huɗu da kuɗinshi, wanda ya saya kuɗin ya shiga hannun mai aikin. Gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda yau ke ɗauke da sunan Boubou Hama, tun 1959 yake, kuma masu sana'a na zaune cikinshi suna aiki suna saidawa. Doso ma na da nata. Ba abin da ya hana Arewa ta fara da ɗaki guda.

Ni ma ba zan tsaya ga faɗi ba. Na yi magana da shugabannina a gidan rediyo, in Allah ya so daga wata mai kamawa zan ware minti goma kowane sati in je in zauna da mai sana'ar hannu guda, a maƙerarshi ko a bakin ramin gashinta, ya faɗi sunanshi da na wanda ya koya mishi. Ku aiko mini da sunayen na garuruwanku ta hanyar da kunka saba aiko gaisuwa, tun ba tsofaffi ba, da su za mu fara.

Sannan ina da cigiya tawa ta kaina. In akwai wani dattijo ko dattijuwa a yankin Tibiri da Dumega da ya san wani mai zanen ƙorai da ya yi suna wajen 'yan mata masu shirin aure tun kafin samun 'yancin kai, wanda ke cika bakin ƙwarya da layi uku sannan ya sa 'yan ɗigo a tsakani, don Allah a taimake ni da sunanshi. Ƙwarya guda ta rage, wadda na ƙwace daga bakin kaji. Tana bisa kabad a ɗakina, na yanka mata 'yar takarda, layin farko ne har yau ba kowa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka. Sai mun haɗu gobe da safe, in Allah ya kai mu.